Kukan gida da kunyar baƙo: yadda mutanen Kaduna suka kalli yaƙin gwamnati da ƙwaya

A ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Kafin gari ya waye hotunan sun zaga duniya. Makonni uku bayan haka Gwamna Nasir El-Rufai da kansa ya jagoranci rufe wani gidan marin, shi ma a Rigasa, aka fito da mutum 147. A cikin watan nan na Oktoba aka rufe irinsu a Daura da Katsina da Zariya.

Duk wanda yake Kaduna a kwanakin nan ya san magana iri biyu ake yi a gari. Ɗaya ita ce ta gidajen rediyo da jaridu: azabtarwa, cin zarafi, yunwa, fyaɗe. Gaskiya ce, kuma babu mai imani da zai ga ƙafar yaron da mari ya cinye ya ce a ci gaba. Ɗayar kuwa a zaure ake yin ta, da majalisar mai shayi, da tsakar gida bayan an watse daga suna. Wata gwaggona, wadda ɗanta ya shekara a wani gidan marin daban saboda shaye-shaye kafin a sallamo su, ta tare ni a ƙofar ɗakinta ta ce: "Ɗan nan, kai da kake bin labarai, gaya mini. Sun rufe, na ji. To yanzu ina zan kai shi?" Ban iya ba ta amsa ba, kuma tun ranar nake juya tambayar.

A wasu ƙasashe, yaƙin da gwamnati ke yi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da jama'a kan titi. A Meziko, bayan Shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji su yaƙi dillalai a ƙarshen 2006, gawarwaki suka yi ta taruwa, har a 2011 wani marubuci, Javier Sicilia, wanda aka kashe masa ɗa, ya ja dubban mutane a ƙafa daga garin Cuernavaca zuwa babban birnin ƙasar suna cewa ya isa haka. A Filifin, kisan da 'yan sanda suka yi wa wani yaro ɗan shekara 17, Kian delos Santos, a watan Agustan 2017, ya mayar da jana'izarsa zanga-zangar adawa da yaƙin Shugaba Duterte. A Amurka, inda Shugaba Nixon ya kira ƙwaya babbar abokiyar gabar al'umma a 1971, baƙar fata sun shafe shekaru suna ƙorafi kan dokar 1986 da ta sa hukuncin nau'in hodar iblis da talakawa ke sha ya ninka na masu kuɗi sau 100 a ma'aunin nauyi, sai a 2010 aka rage bambancin zuwa 18.

A Kaduna ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Garin da ya san zanga-zanga, ya san yajin aikin ma'aikatan masaƙa, ya san fitowar ɗalibai da ta 'yan ƙwadago, bai taɓa cika titin Ahmadu Bello da kwalaye a kan manufar gwamnati game da ƙwaya ba. Wanda bai san mu ba zai ɗauka mun gamsu ne. Ba mu gamsu ba. Kukan yana nan, hanyar da ya bi ce ta bambanta, kuma kafin a gane dalili sai an koma baya an ga wa aka yi wa dokokin nan tun farko.

Dokar soja ta farko mai zafi ta zo a 1966, zamanin Janar Aguiyi-Ironsi: wanda ya noma tabar wiwi hukuncinsa kisa ko ɗaurin shekara 21, wanda aka kama yana sha ko yana riƙe da ita shekara 10. Ba a kai shekara goma ba aka ga ba za ta ɗore ba, a 1975 aka sassauta ta. Sai gwamnatin Buhari da Idiagbon ta zo a ƙarshen 1983 da yaƙi da rashin ɗa'a, ta kafa Doka ta 20 ta 1984, wadda ta tanadi harbi ga mai safarar hodar iblis da dangoginta. Ranar 10 ga Afrilun 1985 aka ɗaure samari uku a jikin turke a gidan yarin Kirikiri da ke Legas aka harbe su: Bartholomew Owoh, Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape.

Abin da ya tayar da ƙura a lokacin shi ne an mayar da dokar baya, ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta. Ma'ana, ranar da mutum ya ɗauki kayan, hukuncin da ya sani ɗauri ne. Ranar da aka gurfanar da shi sai ya tarar da kisa. Lauyoyi da limaman coci da 'yan jarida suka yi ca. Wannan ba maganar Turawa ba ce kawai, mu ma muna da ita a gida, domin a Suratul Isra'i Allah Ya ce ba Ya azabtarwa sai Ya aiko da manzo. Gargaɗi ne ke gaba, hukunci ya biyo. Bayan Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, a shekarar da ta biyo aka cire kisan aka mayar da shi ɗauri. A iya sanina da tarihin nan, wannan ne karo mafi bayyana da ƙorafin jama'a ya sa gwamnatin Najeriya ta ja da baya a kan dokar ƙwaya.

Amma ka tambayi dattawan Tudun Wada ko Unguwar Shanu da suka ga zamanin, da yawansu za su ce maka sun yi na'am da harbin. A idonsu hodar iblis harkar Legas ce da filin jirgin sama, harkar masu son kuɗin dare ɗaya, ba ta shafi 'ya'yansu ba. Kuma mutane sun gaji da almubazzarancin jamhuriya ta biyu, suna ƙishirwar su ga an hukunta wani. Ra'ayin nan na cewa maganin ƙwaya shi ne tsanani ya kafu a zukatanmu tun lokacin, har yau da shi ake tashi a kowace muhawara.

Daga nan sai ka bi jerin matakan da aka ɗauka ka ga inda fuskarsu take kallo. A 1988 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Biyana kan safarar ƙwayoyi; a ƙarshen 1989 Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, da Doka ta 48. A 1990 aka ƙaro Doka ta 33, wadda ta ce ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya, idan ya gama zaman gidan yarinsa aka dawo da shi, zai iya sake shan shekara 5 a gida. Laifinsa a rubuce shi ne ya ɓata sunan Najeriya. Ka duba da kyau: ba a ce ya ɓata rayuwar yaran mutane ba, suna aka ce ya ɓata. A 1994 Amurka ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da ke ba ta haɗin kai a yaƙi da ƙwaya, sai gwamnatin Abacha ta ɗora Manjo Janar Musa Bamaiyi a kan hukumar. Aka shiga ƙona gonakin wiwi a kudu, aka rufe wuraren sayar da motoci a Legas bisa zargin wanke kuɗin haram, a 1997 aka nuna mawaƙi Fela Kuti a talabijin da ankwa a hannu.

Duk wannan aiki ne, ban raina shi ba, kuma jami'ai da dama sun rasa rayukansu a cikinsa. Sai dai an gina shi ne don a tare kayan da ke bi ta Najeriya zuwa Ingila da Amurka, a wanke fasfo ɗinmu a idon jami'an shige da fice na ƙasashen waje. Gwamnati tana gadin ƙofar gida, gobara kuwa a ɗakin ƙurya ta tashi.

Domin a daidai shekarun nan ne Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, take mutuwa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, wadda ta ciyar da gidaje ba iyaka, ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi ta, UNTL ta tsaya a 2007. Wanda ya san yadda titunan Kakuri da Makera ke cika da kekuna idan an tashi daga aiki, ya san abin da aka rasa. Uban da aka sallama babu haƙƙinsa ba ya iya riƙe gida, balle ya sa ido a kan samari huɗu da ke kwana a shago. Yaran suka watsu cikin acaɓa, da dako, da kwandasta, da zaman kashe wando.

Ƙwayar da ta ci Kaduna ba hodar iblis ba ce. Ta fara ne a matsayin maganin ƙarfi: lebura mai haƙar yashi a bakin kogi, manomi a lokacin noman farko, direban dogon zango, ɗan acaɓan da ke son ya kai dare yana aiki. Kowa yana neman abin da zai kashe masa gajiya. A gefe guda ga sholisho da yara ke samu wajen masu faci da gyaran takalma, ga wiwi, ga zaƙami, daga baya ƙwayoyin kemis irin su roci da D5 da tiramol suka cika gari. Da siyasa ta dawo a 1999 sai ta samu kasuwa a shirye. Babu wanda ya zauna a garin nan da bai ga motar kamfen cike da yara idanu jajur ba, kuma kowa ya san ba da kuɗin aljihunsu suka yi cajin ba. Ana gama zaɓe a watsar da su da makaman da jarabar, su koma sara-suka da ƙwacen waya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa idan ɗan siyasa ya hau mumbari yana la'antar shaye-shaye, jama'a ke saurarensa da kunne ɗaya.

Duk da haka, muddin abin yana tasha da bakin kasuwa da kangwaye, masu faɗa a ji suna ganinsa matsalar 'ya'yan talakawa ce da rashin tarbiyya. Abin da ya sauya lissafin shi ne maganin tari mai kodin. Shi ba ya wari kamar wiwi, ba a ɓoye shi kamar giya, a kemis ake sayensa, a juye shi cikin robar lemo a sha a gaban kowa. Ta haka ya tsallaka zaure ya shiga cikin gida, ya kama 'yan mata, ya kama matan aure, ya kama 'ya'yan manya a jami'o'i. Daga wajen 2010 zuwa gaba, da wuya ka yi wata guda ba ka ji huɗubar Juma'a a kansa ba. Shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon Kaduna suka cika da iyaye mata suna kuka. Ƙungiyoyin mata da na matasa suka yi ta gangami a makarantu da fadar hakimai, sarakuna suka yi magana, matan gwamnonin Arewa suka ɗauki batun. Wannan ita ce zanga-zangarmu. Babu kwali, babu barkonon tsohuwa, amma ta fi shekara bakwai ana yin ta. A ƙarshen 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 a kullum a jihohin Kano da Jigawa kaɗai, har ta yi zama na musamman a Kano a watan Disamba. Aka yi jawabai aka watse.

Sai ranar 30 ga Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya saki wani rahoton bidiyo da aka ɗauka a ɓoye, ya nuna ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da kwalaben ta bayan fage, ya nuna samari ɗaure da sarƙa a wata cibiya a Kano. Washegari, 1 ga Mayu, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya sanar da haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Cikin mako guda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta rufe kamfanoni uku. Gwamnati ta ce dama tana kan shirin ɗaukar matakin, kuma mai yiwuwa haka ne, domin akwai kwamitin da ke aiki a kai. Amma a zuciyar uwar da ta shekara tana kiran gidan rediyo, abin da ta gani shi ne kukanta na shekaru bai yi abin da bidiyon baƙo ya yi cikin kwana ɗaya ba. Ina ganin wannan ya yi wa amana tsakanin jama'a da hukuma illa fiye da yadda ake zato. Ya koya wa mutane cewa gwamnatinsu ta fi jin kunyar baƙo a kan kukan ɗan gida. Gidajen mari ma haka: kowa a Rigasa ya san da su shekara da shekaru, ba a ɓoye suke ba, amma sai da hotuna suka fita duniya aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Haramcin ya yi tasiri, kwalba ta yi tsada ta yi wuyar samu. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wanda jikinsa ya saba ba ya dainawa don an yi sanarwa a Abuja, wani abin yake komawa. Tiramol da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a unguwa mai 200 ne da 225, ana shigo da shi kwantena-kwantena. A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi: mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Yankin Arewa maso Yamma yana da kashi 12 cikin ɗari, kusan mutum miliyan 3. Akwai wani adadi a rahoton da ba a cika ambata ba, alhali a gare ni ya fi sauran nauyi: cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce sun so a yi musu magani ba su samu ba.

A nan dole mu ma mu kalli kanmu, don laifi tudu ne. Jama'ar garin nan harshe biyu gare su a kan wannan batu, kuma sau da yawa a bakin mutum ɗaya za ka ji su. Ka zauna a majalisa bayan sallar Isha, ka tayar da zancen, za ka ji: "A riƙa kashe su kawai, kamar Saudiyya." Lokacin da Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga dillalan ƙwaya a watan Mayun 2024, sabanin ɗaurin rai da rai da ke cikin kudurin Majalisar Wakilai, na ji mutane da yawa suna sa albarka. Amma ranar da jami'ai suka shigo lungu suka kama yaro da ƙulli biyu a aljihu, mutumin nan da ya ce a kashe shi ne zai sa babbar riga, ya ɗauko mai unguwa da liman, a tafi roƙo. "Ranka ya daɗe, yaro ne, sharrin abokai ne, maraya ne." Wani lokacin ma kafin motar ta fita daga unguwa an fara jifa.

Ba munafunci ba ne zalla, kodayake akwai shi. Mutane suna bambanta dila da mai sha a zuciyarsu, dokar ce ba ta bambanta su sosai ba. A dokar NDLEA, wanda aka samu da laifin mallaka ko shan irin waɗannan ƙwayoyi yana iya fuskantar ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Alƙalai sukan sassauta, amma abin da ke rubuce ke nan, kuma da shi ake tsorata iyaye. Wane uba ne zai kai ɗansa da hannunsa inda zai iya shafe ƙuruciyarsa a kurkuku? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ga kuma abin da kowa ke gani da ido: wanda ake kamawa shi ne na bakin kwata, mai sayar da ƙulli-ƙulli, shi kuwa mai kwantena ba a san fuskarsa a unguwa ba, in ma an sani to a sahun gaba yake a masallaci, shi ake kira ranar ƙaddamar da gidauniya. Idan an kama dilan unguwa da safe aka gan shi da yamma yana shan shayi, wanda ya kai rahotonsa ne zai kwana da fargaba. Shi ya sa unguwanni da yawa suka koma dogaro da 'yan sintirinsu, su kama, su yi duka, su aske kai. Nan ma ana wuce gona da iri, kuma yaron da aka yi wa dukan kawo wuƙa a bainar jama'a ba ya dawowa mutum, ƙara nisa yake yi.

Sai kunya, wadda ina jin ita ce babban abin da ya hana kukanmu fitowa titi. Uwa a Meziko tana ɗaga hoton ɗanta a gaban fadar gwamnati tana kiran sunansa. Uwa a Badarawa ba za ta iya ba. Ranar da aka san gidanta akwai ɗan ƙwaya, auren ƙannensa mata ya shiga matsala, masu bincike za su zo unguwa a ce musu "gidan dai akwai mutunci, sai dai akwai wani yaro." Don haka ake rufewa, a ce aljanu ne, a ce sammu ne, a ce ya tafi karatu. Gidan mari ya samu karɓuwa ne domin yana ba iyaye abu biyu da gwamnati ba ta ba su ba: wurin da za a riƙe yaro ya kasa kaiwa ga kayan, da suna mai rufin asiri, wato "yana wajen malam."

Akwai lokaci guda da na ga mutanenmu sun fito fili a kan shari'ar ƙwaya, kuma yana koyar da abu. A ƙarshen 2018 aka tsare wata ɗaliba 'yar Arewa a Saudiyya bayan an samu tiramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin sama na Kano ke liƙa sunayen matafiya a jakunkunan da ba nasu ba. A farkon Afrilun 2019 Saudiyya ta zartar wa wata 'yar Najeriya hukuncin kisa kan ƙwaya, sai hankalin kowa ya tashi. Ɗalibai suka yi tattaki a Kano, Facebook da Twitter suka ɗauka, Kaduna ma babu inda ba a zancen, gwamnatin tarayya ta sa baki, a ƙarshen watan aka sake ta. Mutanen da ke cewa a yi irin na Saudiyya su ne suka kwana suna addu'ar kada a yi wa wannan yarinya irin na Saudiyya, domin sun ga da idonsu yadda mara laifi ke iya faɗawa. Mun iya fitowa idan mun tabbata wanda aka kama mai tsabta ne. Wanda ya faɗa cikin shaye-shaye da gaske, shi ne ba shi da mai fito masa.

Wasu ƙasashen sun gwada wata hanya. Fotugal tun 2001 ta daina kai mai riƙe da ɗan abin da zai sha kotun laifi, tana tura shi gaban wani kwamiti da ke duba ko magani yake buƙata, dila kuwa hukuncinsa na nan. A 2014 wani kwamitin Afirka ta Yamma da tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya kafa, tsohon Shugaba Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawarar a daina ɗaukar mai sha a matsayin mai laifi, a mayar da ƙarfi kan manyan masu safara. Ghana ta gyara dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin mallaka don amfanin kai tara maimakon dogon ɗauri. Idan ka kawo wannan zance a Kaduna, nan take wani zai ce so kake a halatta haram. Ba haka ba ne. Abin da ke gusar da hankali haramun ne jiya da yau, babu majalisar da za ta canja wannan. Tambayar ita ce, yaron da ya riga ya faɗa, jikinsa na rawa idan bai sha ba, ina ya fi dacewa a kai shi: ɗakin da zai haɗu da manyan masu laifi ya fito da sabuwar sana'a, ko wajen likita? Ni dai ra'ayina a fili yake. A tsananta wa mai shigowa da kaya da mai ɗaure masa gindi, ko wane ne shi. Mai sha kuwa mara lafiya ne, kuma ɗanmu ne.

A yi adalci, abubuwa sun ɗan motsa. Jihar Kaduna tana cikin na farko da suka kafa hukuma ta musamman don rigakafi da kula da masu shaye-shaye, wato KADBUSA, a zamanin El-Rufai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da sashen masu fama da ƙwaya tun da daɗewa. Tun da Buba Marwa ya karɓi NDLEA a watan Janairun 2021 an ga kamun manyan kaya da manyan mutane fiye da da, kuma hukumar tana maganar ba da shawara da farfaɗowa, ba kamu kaɗai ba. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kwanciyar wata biyu ko uku a cibiyar farfaɗowa kuɗi ne da mai sayar da ƙosai ba ta taɓa riƙe irinsa ba.

Gwaggona ta je cibiyoyi biyu bayan an dawo mata da ɗanta. Ɗaya aka ce babu gado, ta dawo bayan wata biyu. Ɗayar aka faɗa mata kuɗin, ta yi godiya ta fito. Da na koma gaishe ta da ƙaramar sallah, na tarar an sa wa ɗakin da ke kusa da zaure ƙarfe a taga da sabon kwaɗo a ƙofa. Yana ciki, na ji motsinsa. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini makullin, ta ce da asuba take buɗe masa ya yi alwala, ƙaninsa na tsaye a bakin ƙofar gida, sannan ta mayar da shi ta kai masa koko.